Jan Akwati a Masana'antar Alhaji Tukur

Rana ta take, amma buhunan shinkafar matan garin Bakura suna nan jingine a ƙofar masana'antar Alhaji Tukur da ke Talata Mafara, ko bakinsu ba a kwance ba. Matan sun gaji da tsayuwa sun zauna, sun gaji da zama sun koma habaici.

Ba injina aka rasa ba. Akwai na casar shinkafa, akwai na matse man gyaɗa, ga injin niƙa mai karɓar duk abin da aka ba shi: masara da safe, wake da rana, barkono sai an zo tashi, don kada tuwon mutane ya fito da yaji. Duk da haka aiki ba ya fita, masu kaya kuma sun fara kallon wasu wurare.

Alhaji ya riga ya yanke hukunci a ransa. Laifin Gajere ne, dattijon da ke kan injin casa tun ranar da aka kafa wurin, mai tafiyar hawainiya da goro a kunci. Alhaji yakan yi wannan mita ne tsakanin gaisuwa da gaisuwa, don buhu ba ya shiga ciki sai mai shi ya gaishe da Alhaji, ya ba da izini. Ko ranar ma, wani manomi daga Damaga sai da ya ba da labarin lafiyar iyalinsa da shanunsa da damina, kafin Alhaji ya ce a kai masararsa ciki, sannan ya juya ya ci gaba da zagin jinkiri.

Amma korar tsohon ma'aikaci na son hujja, shi ya sa ya kira Zahra'u, 'yar ƙaninsa da ta karanta injiniya. Ta yi makonni tana bin buhuna da wayarta, tun daga ƙofa har fita, tana lura da inda kowanne ya tsaya da daɗewar da ya yi. Daga nan ta gina masana'antar gaba ɗaya a cikin kwamfuta. Kowane matakin aiki ya zama akwati, buhuna suka zama ɗige-ɗige masu tafiya kamar tururuwa. Kwamfutar tana iya ba da shawarar abin da za a fara niƙawa da abin da zai jira, tana kuma iya nuna inda aiki ke maƙalewa.

Ranar da za ta nuna sakamako, Alhaji ya tara kowa. Akwatuna duk kore ne, ban da ɗaya. Wannan ja ne wur, ɗige-ɗige sun taru a bayansa sun yi cincirindo.

Zahra'u ta yi bayani kanta a ƙasa. Jan akwatin nan ba ya farawa da wuri. Da azahar ta yi sai ya tsaya, ba ya farfaɗowa sai rana ta yi sanyi. Ranar Talata kuwa, da kasuwa ta ci, kusan babu shi. Ta danna wani wuri, akwatin ya ɓace daga allon, nan take ɗige-ɗigen suka kwarara har ƙofar fita.

Idanu suka koma kan Gajere. Kowa ya san yana gyangyaɗi bayan azahar, kowa ya san ba ya wasa da kasuwar Talata. Dattijon ya daina taunar goronsa. Tsoro ya kama shi sosai, don da wannan injin yake ci da gidansa, kuma bai iya wata sana'a ba.

"Bappa," in ji Zahra'u, "da mun keɓe, in ƙarasa maka bayanin."

"A'a, ɗiyata. Gaskiya ba ta son ɗaki. Wanga jan akwati ni na san shi tun ba yau ba."

"Ya daɗe a wurin nan, Bappa. Mutane suna girmama shi."

"Girma daban, aiki daban," Alhaji ya ce, yana duban rufi don kada su haɗa ido da Gajere. "Ku zama shaida. Ko mi ne ne, ko wa ne ne, kada in iske shi cikin masana'antata gobe. Ke na ɗora ma aikin, ki yi shi ba sani ba sabo."

Ta sake buɗe baki, sai ga baƙi daga Maradun sun yi sallama. Alhaji ya tare su da fara'a, aka shiga tambayar hanya da mutanen gida, maganar ta mutu a nan. Gajere ya share injinsa tsaf kafin ya tafi, kamar mai ban kwana.

Washegari da hantsi Alhaji ya iso. Tun daga nesa ya ji injina duka suna ruri a tare, abin da ya manta rabonsa da ji. Ya yi kiciɓis da matan Bakura suna fita da shinkafarsu cas, fara sol, suna sa albarka. Daɗi ya cika shi, har ya ji tausayin Gajere ya ɗan taɓa shi, ya ƙudurta zai aika masa da buhun masara.

Yana leƙawa ciki sai ya ga Gajere a kan injinsa, goro a kunci, gumi na zuba, yana ture buhu yana jawo wani.

Fuskar Alhaji ta canza. "Zahra'u, mi nic ce maki jiya gaban mutane?"

Ta durƙusa har ƙasa. "An cika umarninka, Bappa. Tun da sassafe aka fitar da shi."

Ta nuna bayansa da ladabi. Can waje da shinge, a inuwar dalbejiya, an shimfiɗa dardumarsa, an girka kujerarsa da butarsa da tulun shayinsa, masu son gaishe shi har sun ja layi, kowa hannu rabbana, buhunansu sun riga sun shige ciki.