Manomin da Ya Fita Shan Hantsi a Ƙasar Ƙanƙara

Tunda ka ce tafiya ce a gabanka, tsaya ka ji misalin wani manomi. Dattijo ne wanda duk ƙauyensu ba wanda ya kai shi sanin sama. In ya dubi gabas ya ce a fito da iri, fitowa ake yi. In ya ce a dakata, ko hadari ya yi baƙi ƙirin ba mai taɓa sungumi. Shekara arba'in sama ba ta kunyata shi ba, kuma irin wannan sani yakan toshe wa mutum kunne. Ana nan sai 'yarsa, wadda ke aikin jinya a wata ƙasa can ƙuryar arewacin duniya, ta aiko ya je a duba masa ciwon gwiwa. Ya isa a tsakiyar ɗarinsu. Sati uku yana kulle a ɗaki, sama a murtuke, bai sa rana a ido ba ko sau ɗaya, har ya fara jin kamar an binne shi da rai.

Wata safiya tana shirin fita aiki, sai ta tsaya a kansa ta ce, "Baba, masu hasashen yanayi sun ce yau wata iska za ta sauko daga inda ƙanƙara ba ta narkewa. Sun ce sanyin da ma'auni ke nunawa daban, wanda iska ke kai wa jiki daban. In fata ta yi minti goma a waje, ta mutu. Don Allah ko ƙofa kada ka buɗe." Ya ce to, irin to ɗin da babba kan yi wa yaro. A ransa kuwa dariya ya yi. Wai mutanen da ke zaune a ofis suna kallon allo su ne za su gaya masa abin da sama za ta yi?

Da hantsi ya dubi taga, sai ga rana ta fito tarwai, sama fes ba ko ɗigon gajimare. Farin ciki ya kama shi. A garinsu duk tsananin ɗari, da rana ta ɗaga tsofaffi kan jingina da katanga su sha hantsi har jiki ya sake. Bai san a can ranar da sama ta fi washewa ita ce sanyi ya fi kisa ba. Ya yi alwala, ya ce yau a cikin rana zai yi sallar walha. Ya ɗauki darduma, daga shi sai jallabiya da hula, hannu da gemu duk a jiƙe. Safar hannu tana rataye a bakin ƙofa, ya wuce ta, don bai taɓa ganin wanda ya sha hantsi da safa a hannu ba.

Yana fita ƙofar ta rufe kanta a bayansa, ƙas. Abin da ya fara ba shi tsoro shi ne shirun. Ba tsuntsu, ba kare, ba mutum ko ɗaya a titi, gidaje a jere kowanne a rufe kamar gari ya watse. Ya ɗaga kai, sai ya ga rana uku, babbar a tsakiya, ƙanana biyu a gefenta cikin wani farin zobe. Ya fuskance su yana jiran ɗumi, bai ji komai ba, kamar mai jin ɗumi a gaban hoton wuta. Ya shafa gemunsa ya ji ya sandare. Can nesa wata bishiya ta tsage da ƙara saboda tsananin sanyi, shirun ya sake komowa.

Sannan iskar ta iso. Ba ta yi wata kuwwa ba, sai dai ya ga garin ƙanƙara kamar ƙura yana jan ciki a ƙasa, fari, yana nufo ƙafafunsa. Iskar ta ratsa jallabiyar kamar babu ita. Ya saki darduma ya koma ya kama mariƙin ƙofa da damansa. Ƙofa a kulle, jiƙaƙƙen hannun kuma ya manne da ƙarfen, ya ja ya ƙi sakuwa. Ya yi ta sallama da ƙarfi, amma maƙwabta duk sun ji gargaɗin sun shige can ciki. Ya yi rawar ɗari har ya gaji, daga nan rawar ta tsaya. Sai ya ji wani ɗumi mai daɗi yana hawa jikinsa, irin wanda kan ruɗi mutumin da sanyi ke gab da kashewa. Ya ji ƙamshin ƙasar da ruwan fari ya daka, ya ji matan ƙauyensu suna daka a bayan gidan 'yarsa. Zafi ya dame shi kamar tsakiyar bazara, ya sa hagu yana ƙoƙarin tuɓe jallabiya, yana murmushi.

A haka wani direban motar share ƙanƙara ya hango shi, aka garzaya da shi asibiti. Rai ya yi saura, amma yatsu huɗu na dama sun yi baƙi, sai da aka yanke su, 'yarsa na tsaye tana kuka. Ranar da ya koma gida, mazan ƙauye suka yi layi a ƙofar zaurensa, kowa ya miƙo hannu yana barka da sauka. Wani ma har da tambayar ko damina za ta faɗi da wuri bana. Dattijo ya sunkuyar da kai, hannunsa na cikin riga, ya kasa fito da shi. Shi ya sa Hausawa suka ce, in kunne ya ji, gangar jiki ta tsira.