Ranar Awo

Safinatu ta sake ɗaure takunkumin fuskarta. Cikinta ya shiga wata na bakwai. Biyun da suka gabace shi duk sun zube, ba wanda ya kai nan.

Shekarar korona ce. Rediyo ba shi da wani zance sai na waɗanda suka kamu da waɗanda aka binne.

"Ɗiyata, ki zamna gida," in ji mahaifiyarta, ta tare ƙofar zaure. "Mi za ki nema asibitin ga? Can cutar take."

"Yau ranar awo ce, Inna."

"Awo ya fi ranki?"

Safinatu ta raɓa ta gefen tsohuwar, ta hau bayan babur ɗin mijinta Ladan, ta rungume jakarta a kan cikin.

Suka bar Bodinga, suka saki kwalta suka kama hanyar Kajiji. Duk ramin da babur ya faɗa sai ta dafe mara ta yi salati.

Ƙaramin asibitin ƙauyen ya yi tsit. Bencin da mata masu ciki kan cika tun da safe babu kowa a kai. Daga ɗakin haihuwa kuwa ana jin nishin naƙuda, tari mai ƙarfi yana katse shi.

Wata dattijuwa ta fito a ruɗe. Surukarta Kaltume ce a ciki, in ji ta, jikinta zafi kamar garwashi, numfashi da ƙyar. Matan da suka zo awo suna jin tarin suka watse.

Ladan bai kashe babur ba. "Hau mu koma," ya ce a hankali. "Wanga karon ba zan iya jure rashi ba."

Ɗan cikin ya motsa. Safinatu ta ɗora hannu a kafaɗar mijinta, har ta ɗaga ƙafa za ta hau. Sai nishin ya koma ƙara, ƙarar kuma ta yanke.

Ta sauke ƙafar. Ta wuce bencin, ta tura ƙofar ɗakin.

Kaltume ta buɗe ido da ƙyar, gumi ya jiƙe mata fuska. "Malama, na ɗauka ba za ki zo ba."

Safinatu ta zuge jakarta ta zaro safar hannu, domin duk yankin babu wata ungozoma sai ita.