Tafin da Muka Yi wa Declan

"Kaka Maureen, kin ga tafin nan? Wallahi na bar suyar kifi!"

Declan ke nan, jikan maƙwabciyata a garinmu Grimsby. Shi da abokansa sun haɗa ƙungiyar kiɗa, ga jita, ga gashi har ido. Wasansu na farko a zauren unguwa, mu tsofaffi muka cika shi maƙil.

Ya ajiye aiki, suka nufi Landan. Ba a rufa wata ba suka dawo jiki a sanyaye.

"Kaka, can ihu aka yi mana. Ku kaɗai kuka san kiɗa."

Na ce, "Ayya, ɗan nan." Ta ina zan fara? Mu wasan bingo, 'yar cacarmu ta tsofaffi, muka je jira a zauren, kuma suna taɓa jita kowa ya cire na'urar ƙara jinsa daga kunne ya jefa a jaka.