Farin Takalmin Tela

Ku ajiye wayoyin nan ku matso kusa. Maganar gwaggonku ce da babban ɗanta, kuma ba na son a katse ni sai na kai ƙarshe.

Kun san mijinta, Allah ya jiƙansa. Tela ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan kujerar keke har tumbinsa ya kai yana gogar teburin ɗinki. Ranar da jiri ya kwashe shi a shago, likita ya faɗa masa a gaban gwaggonku cewa ko ya rage ƙiba, ko zuciyarsa ta gaji da ɗaukarsa. Abin da ya fi nanatawa shi ne tafiya da ƙafa, kullum.

Gwaggonku ta ɗauki maganar kamar yaƙi. Ta shiga kasuwa ta sayo masa farin takalmin motsa jiki, mai igiya. Da gari ya waye sai ta dire shi a gabansa.

"Tashi, Malam, hanya na jiranka."

"Yau ƙafafun nan kamar ba nawa ba."

"Jiya ma haka ka ce. Ni dai ba zan yi takaba saboda lalacinka ba."

Sai ya yi dariya ya sa hula. A bene suke zaune, tagarsu kuma bayan gida take kallo, don haka a bakin ƙofa take tsayawa tana sauraron takunsa yana sauka. Sai ta ji ƙofar ƙarfen ƙasa ta buɗe ta rufe, sannan ta koma ga wanke-wankenta.

Da hantsi yake dawowa, riga sharkaf da gumi, numfashi sama-sama. Ta miƙa masa ruwa, ta kakkaɓe masa yanar gizo daga hula.

"Wai wace hanya kake bi ne?"

"Ta bayan makaranta, ƙarƙashin itatuwa."

Aiki kuwa ya yi kyau. Tumbi ya fara sauka. Da hannunsa yake rage wandunansa, ita kuma ta ɗaga su tana nuna wa maƙwabta inda tsohon ɗinki yake da inda sabo ya koma. Matan layin suka riƙa turo mazajensu su ga abin koyi. Ta rage mai a girki, ta rage masa kwano, ɗan abin ma sai ya bar rabi. Ta ce ai ya koyi kame baki.

Damina ta sauka, layin ya zama taɓo. Ita in ta je cefane sai ta dawo da laka har idon sawu, amma farin takalmin nan bai taɓa ɓata mata tabarma ba. Har fariya take yi da shi, wai duk layin babu mai tsaftar mijinta.

Babban ɗansu, wanda ke aiki a wani gari, ya zo ganin gida. Ya kalli wuyan mahaifinsa yana yawo cikin riga, ya ja uwarsa gefe.

"Mama, ramar nan ta yi yawa. A koma asibiti."

"An ce ya rame, ya rame. Me kuma za mu je nema? Kai da ba ka nan, ka san wahalar da na sha kafin mu zo nan?"

Tela yana jinsu daga ɗaki. Ya ce, "Ƙyale ta. Rabon da in ga uwarka cikin farin ciki haka, tun kana goye."

Yaron ya koma bakin aikinsa ransa a ɓace. Ita kuwa, don ta nuna masa, sai ta ƙara wa Malam tafiyar yamma.

Wata safiya hantsi ya wuce, rana ta take, bai hawo ba. Ta yafa mayafi ta sauka da niyyar bin hanyar bayan makaranta. Ba ta kai ƙofa ba. A lungun ƙarƙashin bene ta gan shi, zaune a kan wani bokitin fenti da aka kife, da tsohon matashi a bayansa, kansa jingine da bango. Jikin ya riga ya yi sanyi. Kowa ya ce ya dawo ne ƙarfinsa ya ƙare, ya kasa hawa.

A zaman makoki, gaban mutane, ɗan ya dube ta ya ce, "Kin kashe shi da tafiya." Ita ma ta yarda haka ne. Tun ranar bai ƙara kiranta ba. Ita kuma ba ta ci, ba ta sauka daga benen nan, kullum tana zaune tana cewa da ta bar shi ya huta ko na yini guda. In aka ƙyale ta haka, bin sa za ta yi.

Jiya na je taya ta haɗa kayansa don a bayar. Abu ɗaya na ɓoye a jakata ban bari ta gani ba, kuma har yanzu na rasa wanda ya fi: a bar ta da laifin da ta ɗora wa kanta, ko a nuna mata abin da ta yi wata da watanni tana yi wa murna. Ku manya ne yanzu. Ku yanke, ku je ku daidaita uwa da ɗa tun ba a yi gawa ta biyu ba.

Amma kafin ku ce komai, ga takalmin nan, ku juya ƙasansa. Fes yake kamar yau aka ciro shi daga kwali, domin mutumin nan buɗe ƙofa kawai yake yi ya rufe, bai taɓa wuce ƙarƙashin bene ba.