Musu a Bakin Gadon Baba

"Rufe Windows ɗin nan, sai gobe zai gama sabunta kansa!" in ji Auta, yana nuna kwamfutar Yaya.

Yaya ya ja tsaki. "To Linux ɗinka da ko kyamara ba ya ganewa fa?"

Mama ta dubi 'ya'yan nata cike da takaici. Abu ɗaya Baba ya roƙa kafin tiyata: a kira masa 'yarsa da ke nesa ta bidiyo. Su kuwa sun juya masa baya, kowa na yi wa kwamfutarsa kirari.

Da ƙyar Yaya ya yi rinjaye, kiran ya shiga. Ya waiwayo yana murmushi. "Baba, ga ta nan."

Gado wayam. Tuni an shiga da shi ɗakin tiyata.

"Ku ci gaba mana," in ji Mama. "Wanne ya fi? Ya ce in ya fito da rai, ku gaya masa."