Aljihun Rigar Wilmer

Ranar rufe makaranta a birnin Arekipa, 'yan makarantar gwamnati kan rubuta sunayensu a rigunan juna. 'Yan makarantar sistoci sun fi ƙarfin wannan ƙazanta.

Wilmer ya tsallako titi, ya tsaya gaban Maite da ƙawayenta, 'yan makarantar sistoci. Rigarsa duk rubutu, aljihun ƙirji kaɗai ya bari fari.

"Maite, ga bangon bayan gida ya zo gaishe ki," in ji wata ƙawarta. "In kika taɓa shi, nemi wasu ƙawayen."

Maite ta dube su, ta dubi aljihun. Ta karɓi bironsa ta rubuta sunanta, bugun zuciyarsa yana karkatar mata da hannu.

Sannan ta miƙa masa farin hannun rigarta.

"Sistar makarantarku za ta gani," ya ce.

"To, rubuta da manyan baƙaƙe."