Jakin da Ya Fito ta Dama

Duk faɗin Maradi ba a taɓa yin gwanin hanya kamata ba, ina shekara tara nake ba direbobi umarni. Lokacin mun taso daga Kano, Baba ya samu aikin jan motar wani attajiri a Sabon Garin Maradi, ni kuwa na naɗa kaina yaron mota.

Ran nan da la'asar muka shiga shataletale. A Kano, wanda ke ciki shi ke da hanya. Sai ga wani tsoho ɗan Tsibiri ya kunno kai ta damanmu da amalanken jaki shaƙe da gero. Baba ya sassauta.

Na ce, "Taka, Baba, hanyarka ce!"

Ya taka, muka yi karo da amalanken. Gero ya tashi sama har ya rufe rana. Har yau ƙaurin tayar nan yana hancina.

Tsohon ya daka tsawa: "Kai baƙo, ba ka ga ta dama na hito ba?"

Ɗan sanda ya karɓe farmin tuƙin Baba, wato lasinsa, wai a ƙasar nan na dama ke da hanya, ko jaki ne. Aikin da ya kawo mu ya tafi ke nan. Wace irin doka ce wannan? Mota sukutum ta tsaya wa jaki! Wallahi har yanzu in na tuna, jinina tafasa yake. Na dubi ɗan sandan na ce, "Wannan zalunci ne!"

Baba ya murɗe mini kunne. "Rufe mini baki. Jakin nan ya fi ka sanin tuƙi."